Abin da Duwatsun Sekondi Ba Su Koya Mini Ba

Duk Juma'a in an sallame an fito, sai samarin Morris Heights su tare ni a ƙofar shagon aski. "Kawu Sule, yi mana hanya a wajen aikinku mana. Ai kai ka huta. Mota mai sanyi, rediyo na tashi, ka ajiye buhu ka sa hannu ka wuce." Wani cikinsu, mai wandon da ya shekara uku yana shirin faɗuwa bai faɗi ba, har cewa ya yi kawa ai dutse ce, ba ta cizo, ba ta gudu, ina wahalar take? To na gaji da ba da amsa a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda Hausarsa ta gudu ya kai wa uwarsa ta karanta masa.

Sana'ata kai kayan teku masu rai gidajen abinci. Kawa mai ɓawo biyu, wadda Bature ke kira oyster, da dodon koɗin teku, da sauran masu ɓawo. Ina ɗauko su daga babbar kasuwar kifi ta nan Bronx, in raba a Manhattan da Brooklyn kafin a fara girkin rana. Masu rai na ce, ku riƙe wannan. Mai kai kifi gawa yake ɗauke da ita, ba ruwansa. Ni fasinjoji nake ɗauka, dubu biyu a tafiya guda, ba mai magana, ba mai gaya maka in zafi ya dame shi.

Kayan aikin ba su da yawa. Safar hannu ta roba, don bakin ɓawon kawa ya fi aska. Ƙugiya ta jan akwati. Shebur na ƙanƙara. Gajeriyar wuƙa mai kaurin baki. Sai takardar da ke ɗaure a wuyan kowane buhu, wadda ke faɗin ruwan da aka ciro kawar da ranar da aka ciro ta. In ta ɓace, buhun ya zama maraya, ba mai karɓa. Na ƙarshe ma'aunin zafi, wani ƙarfe mai tsini kamar allurar yi wa saniya rigakafi. Doka ta ce kada kaya su haura arba'in da biyar a ma'aunin Amurka. Ƙanƙara kuma a sama ake zuba ta, a bar wa ruwanta hanyar tsiyaya, don in kawa ta kwanta cikin ruwan da ba gishiri, ta mutu kafin ka kai gada. Duk wannan cikin mako guda za ku iya. Abin da ya kusa halaka ni, abin da na iya ne tun ina yaro.

A zangon Sekondi aka haife ni, a Gana. Babana mahauci ne, ya so in gaje shi, ni kuma ba na son ganin jinin saniya. Ina shekara goma sha uku na gudu bakin teku, na faɗa hannun wata Bafantiya, Maame Esi, mai sayar da dafaffen dodon koɗi da barkono. Mace ce gajeriya, amma in ta kira sunanka daga bakin ruwa, jiragen da ke tsakiyar teku suna juyowa su ga ko da su ake. Ta ba ni tsohon cokali da aka daka bakinsa ya yi faɗi, da bokiti, da jiƙaƙƙen buhu. Ta ce in bi ta kan duwatsu.

Aikin farko da na tuna sosai, a watan Maris ne, lokacin zafi, kafin ruwan sama ya sauka. Teku ta janye da tsakar rana ta bar baƙaƙen duwatsu a fili. Zafin duwatsun nan, in ka fasa ƙwai a kai zai soyu, in kazar ta biyo sawu ita ma ta soyu. Ina ta tsalle kamar an sa ni rawa. Na duba na ce, "Maame, ai duk sun mutu, mu koma." Ta kama kunnena ta durƙusar da ni, ta ce in buɗe ido.

Sai na ga ikon Allah. Ƙananan dodon koɗin nan, kowanne ya janye namansa ciki, ya rufe bakinsa da ɗan marfin da Allah ya yi masa. Bai yarda cikinsa ya taɓa dutse ba. Ya liƙa gefen ɓawonsa da yawunsa da ya bushe, ya tsaya a kan leɓe guda, iska na ratsawa ta ƙarƙashinsa. Wasu sun cusa kansu cikin tsaga, ɗari a wurin da bai kai tafin hannu ba, sun matsu kamar mu a jirgin ƙasa mai lamba huɗu da safe. Wasu ma sun hau bayan juna, uku a jere, na ƙasa yana shan wuta, na sama yana shan iska. Akwai wani mai siffar malfa, shi ba shi da marfi, sai ya ɗafe dutse ya riƙe ɗan ruwansa a ciki. In zafi ya kai masa ko'ina, sai ya ɗan ɗaga malfar iska ta shiga. Masu wayo cikinsu tun da safe sun zagaya gefen dutsen da ke inuwa. Waɗanda suka makara a sarari, a shekarar da zafi ya yi tsanani, sai ka tarar da malfunansu zube a yashi, ba kowa a ciki.

Maame Esi ta miƙa hannu can sama, inda ruwa ba ya kaiwa sai ranar babbar cika, ta ɓanɓaro wani da ya bushe ya yi fari fat. Ta ce wannan ya fi mako a nan. Ta jefa shi cikin bokitin ruwan teku. Ban gama sosa ƙafa ba sai ga shi ya buɗe marfi, ya fito da ƙahonni, ya kama hawan bokiti kamar ya makara zuwa kasuwa. Ta ce, "Ka gani? In ka tarar ya rufe gam, yana nan da ransa, ɗauka. In ya saki baki, jefar." Shekara shida ina bin ta, ban taɓa ganin maganar nan ta ƙaryata ba. Da wannan magana na shigo jirgin sama.

Da na zo New York na yi wankin kwano, na yi gadi, kafin wani tsohon Ba'italiye, Toni, ya ɗauke ni a rumfarsa ta kasuwar kifi. Ranar farko ya zube mini buhu ya ce in ware matattu. Na ɗauki kawa biyu-biyu ina gwara su kusa da kunne. Mai rai tana ƙara kamar dutse, matacciya kamar fankon gwangwani. Kafin ya gama kofinsa na ware bakwai. Ya buɗe su, duk bakwai ɗin sun tafi. Daga ranar kaina ya kumbura har hula ta daina shiga. Toni ya ba ni ma'auni, ya ce in riƙa sokawa a kowane zango. Na ce to. A raina kuwa na ce, Bature da tsoro. Ai sanyin nan don kada su mutu ne, ni kuma kunnena yana gaya mini mai rai da matacce. Shekara takwas ma'aunin nan yana kwance cikin aljihun mota tare da tsofaffin rasit da tsinken sakace.

Kwastomomi kala-kala ne. Akwai kukun da zai shinshina buhu kamar mai neman laifin surukinsa. Akwai wadda in ka makara minti biyar za ta yi maka wa'azin da ya fi na Idi tsawo. Amma nawa na kaina shi ne Isufu, mai buɗe kawa a wani gidan abinci a ƙasan Manhattan. Ba'adare ne daga Tawa, a Nijar, inda babban ruwan da ya sani shi ne na randa. Ban san wanda ya haɗa shi da kawa ba, amma hannunsa ya fi inji. Tare muke sallah a masallacin Mount Hope, ni na raɗa wa ɗansa na biyu suna. Yana kirana Ɗan Gwanja, ina kiransa Sarkin Ruwan Tawa. Al'adar masu buɗe kawa ce, duk buhun da ya zo sai sun buɗe ɗaya sun shanye ta ɗanya, su ji gishirinta kafin a kai wa baƙo. Sauran direbobi kuma sai ya soka wa kayansu ma'auni. Nawa ban da su. "Kayan Ɗan Gwanja ba su son awo," haka yake gaya wa manaja.

Shekarar da ta ɓaci, azumi ya faɗo cikin Yuli, garin kuma ya ɗauki wani zafi da ko a Sekondi sai an yi masa tsaye. Kwalta tana kama takalmi. Ranar Talata ce. Na yi lodi, na hau babban titi, sai wata tirela ta kife a gaba, aka tsaya cak. Ina zaune ina lissafin awowin da suka rage a sha ruwa, sai na lura ƙugin injin sanyi da ke bayana ya yi shiru. Na kashe na kunna, na fita na buga masa hannu, na yi masa addu'a, na zage shi da Fanti. Ko tari bai yi ba. Awa uku da rabi muna wurin. Da hanya ta buɗe na sauka na leƙa baya, sai wani tururi ya bugi fuskata kamar na buɗe tukunyar wake. Ƙanƙara ta zama ruwa ta tsiyaye.

Na kwance buhun farko ina gwarawa. Dutse. Na biyu, dutse. Duk sun rufe gam, ko ɗaya ba ta saki baki ba. Wallahi har dariya na yi, na ce yaran Maame Esi ke nan, kun iya zaman jiran ruwa. Na tsaya a wani kanti na sayi ƙanƙara na lulluɓe su, suka yi sanyi a hannu kamar ba abin da ya faru. Gida uku suka rage mini ranar, na kai wa kowa nasa. A wajen Isufu na tarar ya fita sallar azahar, na ajiye masa buhu uku a firji na sa hannu.

Na koma rumfa wajen uku da rabi ina ba Toni labari da alfahari, har ina kwaikwayon yadda na zagi injin. Ban ga yana dariya ba. Ya ajiye biro.

"Awa nawa?"

"Uku da ɗan kai. Amma ko ɗaya ba ta mutu ba, maigida. Na gwara su duka."

"Nawa ma'auni ya nuna?"

Na ce ban soka ba.

Tsohon nan ya miƙe, fuskarsa ta koma kalar cikin kawa. Ya ce, "Sule, wa ya gaya maka don kada su mutu ake sa sanyi? Akwai ƙwayar cuta a cikinsu tun daga teku. Sanyi ne ke danne ta. In suka ɗumama, kawar tana raye, bakinta a rufe, cutar tana haihuwa a ciki. Ƙanƙarar da ka zuba daga baya ba ta kashe ko ɗaya ba. Mai ƙarfi zai yi zawo ya tashi. Mai ciwon hanta ko ciwon suga, tana shiga jininsa. Na taɓa zuwa jana'izar irin wannan."

A nan ne tukunyar Maame Esi ta faɗo mini a rai. Baƙar tukunya a kan duwatsu uku, tana tafasa tun safe. Duk abin da muka ɗebo cikinta yake shiga. Ba wanda ya taɓa cin ko ɗaya ɗanye a Sekondi. Ta koya mini gane mai rai, tukunya kuma tana yin sauran aikin ban sani ba.

Toni ya hau waya. Gida na farko suka ɗauka, suka ce buhu na nan a ɗaure. Na biyu ma haka. Na uku, na su Isufu, waya tana ta ringi ba mai ɗauka, don manaja bai iso ba, kicin ɗinsu kuma a ƙarƙashin ƙasa yake, inda wayar hannu ba ta kamawa. Ƙarfe biyar suke buɗe ƙofa, ranar Talata kuma suna karya farashin kawa, mutane har layi suke yi. Na bar motar na ruga tashar jirgin ƙasa da takalman roba.

Ban taɓa sanin jirgin nan yana da tashoshi dubu ba sai ranar. Kowace tasha sai ya tsaya ya gaisa da dangi. Abu ɗaya nake maimaitawa: azumi ake, Isufu ba zai ɗanɗana ba. In na riga baƙi isa, shi ke nan. Isufu yana da suga, kowa ya sani, amma azumi ake.

Na faɗa kicin saura kwata biyar. Ga shi tsaye da farar riga, ya shimfiɗa ƙanƙara a tire, ya jera kawa buɗaɗɗu sun fi hamsin. Na sa hannu biyu na kife tiren cikin kwandon shara.

"Kai! Ɗan Gwanja, azumin ne ya taɓa maka kai?"

"An kai wa wani?"

"Wa za a kai ma, ba a buɗe ba? Mi ya faru?"

Na jingina da bango na ce alhamdulillahi. Sai idona ya sauka a gefen katakonsa. Ɓawo uku, wankakku, an kife su daban. Kusa da su kofin shayi, rabi.

"Isufu, ba ka azumi?"

"Likita ya hana mani bana, sukari ya hau. Kunya ta sa ban hwaɗa ma kowa ba." Ya bi idona da kallo. "Ukku na sha, guda cikin kowane buhu. Sun yi daɗi kuwa. Mi ne ne?"

Na gaya masa. Ya yi dariya, ya ce cikin Ba'adare ya narkar da ruwan tabkin da raƙuma suka yi wanka, kawa uku ba za su kayar da shi ba. Na roƙe shi mu je asibiti, ya ce in an ga layi a waje wa zai buɗe musu, ni?

Laraba ya je aiki lafiya, har ya aiko mini da hoton ɓawo. Alhamis da hantsi matarsa Ramatu ta kira ni. "Baban yara, ka zo. Tun asuba yake amai, jikinsa kamar wuta, yanzu ƙafarsa ta kumbura." Na same su a asibiti. An yaye masa zane, ƙafar hagu daga gwiwa zuwa idon sawu ta yi jawur, ga wasu manyan ƙuraje masu baƙin ruwa. Wata likita ta zana layi da biro a inda jan ya tsaya. Muna tsaye muna kallo, kafin azahar jan ya tsallake layin.

Likitar ta ce sun tambaye shi abin da ya ci, ya ce tuwo da shayi. Sun tambayi aikinsa, ya ce kicin. Tana fita ya kamo rigata.

"Kar ka hwaɗi. In ka hwaɗi, masu binciken lahiya za su zo, su kore ka, su rufe ma tsoho rumfa. Kana da 'ya'ya huɗu. Zazzaɓi ne, shi wuce."

Takardun buhunan nan uku suna aljihuna tun Talata da na tsinke su a kicin. Na cire hannunsa daga rigata, na bi likitar har bakin lif, na miƙa mata su. Na ce ɗanyar kawa ya ci, guda uku, shekaranjiya, ta yi awa uku da rabi cikin zafi, kuma ni na kawo ta. Ta juya da gudu, na ji tana kiran sunayen magunguna, nan da nan aka cika ɗakin aka fitar da mu. Da la'asar wani likitan fiɗa ya zo ya ce wa Ramatu za su shiga da shi su yanke naman da ya lalace. In sun tarar abin ya wuce gwiwa, ƙafar za ta tafi. In ya riga ya gama jini, ba ƙafa ake magana ba. Ta sa hannu a takarda.

Sau uku suka shiga da shi cikin kwana biyar. Kullum in na zo, abin da nake fara dubawa daga bakin ƙofa shi ne ƙarshen gado, in ƙirga tudu nawa ne a ƙarƙashin bargo. Ran na shida na ƙirga biyu, na ɗaga kai, sai na ga idonsa a buɗe. Likitar ta ce da an ƙara yini guda ba a san abin da ake yaƙa ba, da sai dai wani labarin.

Masu binciken sun zo, kamar yadda ya faɗa. Ba su rufe rumfa ba, amma sun juye ta ciki da waje. Toni bai kore ni ba. Ya sauke ni daga mota, na yi wata bakwai ina wanke akwatuna da tiyo, ya kuma tura ni aji na zauna da yara sa'o'in ɗana ana koya mana abin da nake cewa na fi kowa sani. Isufu ya yi Sallah a gadon asibiti, ya yi wata huɗu a gida. An ɗebe masa naman ƙwauri, abin da ya rage bai fi kaurin muciya ba.

Ranar da na koma mota, gidan abincin su Isufu ne zangona na uku. Na sauka da buhu biyu a kafaɗa. Yana zaune a kan wata doguwar kujera da aka saya masa, don ba ya iya doguwar tsayuwa. Na ce, "Sarkin Ruwan Tawa, ina kwana?" Bai amsa ba. Ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro ma'auni, sabo fil. Ya kwance buhu ya soka shi tsakiyar kawa, ba sama inda ƙanƙara take ba. Ni da nake iya surutu da bakin rijiya, na tsaya da hula a hannu ina kallon lamba tana sauka. Ya jira ta tsaya, ya zare, ya goge a rigarsa, ya soka a na biyu.

"Arba'in da ɗaya," ya ce. "Lahiya lau, Ɗan Gwanja. Ina gajiya?"

Yau shekara huɗu ke nan, bai taɓa amsa gaisuwata ba sai ƙarfen nan ya yi magana. Mai son aikin ya same ni Litinin ƙarfe bakwai a ƙofar shagon aski. Ba mota za mu fara shiga ba. Wajen Isufu za mu, ya ɗaga muku ƙafar wando.